Mai Ƙwanƙwasa Ƙofa da Sunan Ibrahimu

Ɗakin sabar, wato babbar kwamfutar da sauran duka ke jone da ita, shi ne wuri mafi sanyi a duk masana'antar sabulun nan ta garin Bahri, amma ranar Lahadin nan gumi Mawahib take yi a cikinsa. Ta ja gefen mayafi ta share goshi, ta sake matsawa kusa da allon kwamfuta, ko Allah zai sa idanunta ne ke mata gizo. Ina! A cikin rajistar tsaro, inda sabar ke rubuta duk wanda ya shiga da duk wanda ya nemi shiga aka hana shi, ga layuka nan jere, kowanne da 'yar alamar kwaɗo a gefensa da lamba 4625. An ƙwanƙwasa, ba a buɗe ba. Kuma suna ɗaya ne tun daga sama har ƙasa: Ibrahimu Dauda.

Da hannunta ta kulle akawun ɗin nan, ƙofarsa ta shiga sabar, mako uku da suka wuce, tana dannawa hawaye na ɗiga a kan maɓallan.

Shekara biyu ta yi a ƙarƙashin Ibrahimu. Shi ne shugaban sashen kwamfuta, ita mataimakiyarsa, sashen kuma daga su biyu sai na'urar sanyaya ɗaki. Shi ya koya mata abin da jami'a ba ta koyar ba, cewa sabar ba ta ƙarya, sai dai ba ta bayani. Kakanninsa da nata duk hanyar Makka ce ta kawo su ƙasar nan, suka tsaya aikin auduga a yankin Jazira don su tara guzuri, guzurin kuwa bai taɓa taruwa ba. Saboda haka in suna son gulmar manaja a gaban idonsa, sai su ajiye Larabci su koma Hausa. Bashmuhandisa yake ce mata, wato babbar injiniya, musamman ranar da ta tafka shirme. Bai taɓa furta mata kalmar so ba. Sai dai kullum da hantsi, in an kawo kwanon wake, yakan juya mata ɓangaren da ya fi mai, yana kallon wani gefe kamar ba shi ba.

Sai Satumba ta zo, aka ƙara kuɗin man fetur, tituna suka cika da masu zanga-zanga. Jami'an tsaro suka ɗauke shi a tashar mota a Omdurman da hotuna a wayarsa. Mako shida babu wanda ya san inda yake. Kwana biyu da sako shi kamfani ya aika masa takardar kora, aka ce wa Mawahib ta rufe masa ƙofa. Ga shi yanzu rajista na cewa tun daga wannan yinin wani ke neman shiga da sunansa, sau biyar kullum, kowane zuwa ƙwanƙwasawa uku.

Da ita kaɗai ta gani, Allah ne ya san abin da za ta yi. Amma rahoton sabar kai tsaye yake zuwa wa manaja, ba a yi awa guda ba wayar tebur ta yi ƙara.

Manajan, Ustaz Haisam, ba mugun mutum ba ne, matsoraci ne kawai, kuma a shekarun nan bambancin bai cika amfanar kowa ba. Da ta shiga ofishinsa ya tura mata takardar rahoton ba tare da ya ɗago kai ba.

"Mutumin naki ne, ya Mawahib?"

"Sunansa ne, Ustaz. Suna daban, mutum daban."

"Daga ina ake yi?"

"Daga cikin gidan nan. Wata na'ura ce da ba ta cikin jerina."

"Daga ciki!" Ya cire tabarau ya ajiye. "To ko dai ya bar wani a bayansa, ko katanga yake haurowa."

"Wataƙila wani aiki ne da aka saita ya riƙa tashi da kansa, aka manta da shi."

"Na tambayi ƙanin matata, shi ma kwamfuta ya karanta. Ya ce inji in an saita shi, lokaci ɗaya yake tashi kullum. Dubi nan. Yau sha ɗaya da minti talatin da biyar, bayan kwana uku da talatin da shida. Inji ba ya makara, mutum ne ke makara. Wannan na ƙarfe huɗu da rabi kuma fa? Wane mai gaskiya ne ke neman shiga kamfani gari bai waye ba?"

Ta mayar masa da takardar a kan tebur.

"Ran Alhamis da rana mutumin hukuma zai zo shan shayinsa," ya ce da muryar da ta yi ƙasa. Kowa a masana'antar ya san wannan mutumin, mai zuwa duk mako, wanda ba a san sunan mahaifinsa ba. "In ba ki kawo min wani bayani ba, takardar nan zan miƙa masa. Ina da 'ya'ya, Mawahib. In ban kai ba wani zai kai, sunana kuma ya hau kusa da nasa."

Ta fito. Ta san abin da miƙa takardar ke nufi. Wanda aka saki sau ɗaya aka sake komowa kansa, ba mako shida ake lissafa masa ba.

Litinin gaba ɗaya ta ƙare ta a bin ofisoshi. Kwamfuta arba'in da uku, ta buɗe kowacce, ta duba ayyukan da aka saita, ta duba kalmomin sirri da aka ajiye aka manta. Ta duba injin buga takardu, ta duba har ma'aunin da ke sito. Babu. Ta aika saƙon gwaji zuwa lambar baƙuwar na'urar, shiru kamar an aiki bawa garinsu. Ta buɗe akwatin wayoyi ko za ta bi igiya ta kai ta, sai ta tarar da su a cukurkuɗe kamar taliya, babu mai suna ko ɗaya, domin taswirarsu a kan Ibrahimu take. A nan ne, tana durƙushe cikin ƙura, tunanin da take gudu ya cim mata: in shi ne fa? In abin da suka yi masa a can ya mai da shi wani mutum?

Waya ba abin yarda ba ce. Talata da aka tashi daga aiki ta hau mota ta haye gadar Shambat zuwa gidansu Ibrahimu a Omdurman. Kogin Nilu na kwance a ƙasa, ja-ja da hasken yamma, bai damu da kowa ba.

Hajja Barakatu, mahaifiyar Ibrahimu, ta rungume ta a bakin ƙofa ta daɗe ba ta sake ta ba. Shi kuma yana zaune a kan gadon igiya a gindin bishiyar dogon yaro, jallabiyarsa ta yi masa yawa kamar ta wani ya ara.

"Bashmuhandisa," ya ce, murmushin ya iso a makare. "Har yanzu ba ki ƙona sabar ba?"

"Ina jira ka dawo ne a ce kai ka ƙona."

Ya ɗauki butar shayi zai zuba mata, bakin butar ya riƙa kaɗawa a kan kofi, rabi a ciki rabi a faranti. Ta yi kamar tana gyara takalminta. Hajja ta ce ko wayarsa ba su mayar masa ba, kwamfutarsa ma sun tafi da ita, kuma tun da ya dawo bai taka bakin titi ba.

"Ibrahimu," ta ce a hankali, "akwai wani abu a rajista..."

Sai wata mota ta tsaya a waje, aka buga ƙofarta da ƙarfi. Ya sandare. Idanunsa suka tafi kan ƙofar gida suka maƙale, numfashinsa ya tsaya.

"Maƙwabcinmu ne, ɗana," in ji Hajja. "Mahmud ne ya dawo daga kasuwa."

Sai da aka jima sannan ya juyo. "Me kika ce a rajista?"

"Ba komai. Ta cika ne, zan rage ta."

A mota kan hanyar komawa ta rufe fuska da mayafi ta yi kuka, rabi don tausayinsa, rabi don kunyar zargin da ta ɗauko ta kawo masa har gida.

Laraba da rana ciwon kai ya kore ta daga ofis. Ta koma gidansu a unguwar Alhilla Kuku, ta zauna a tsakar gida da takardar da ta kwafe lokutan a kai, tana kallonsu har suka daina zama lambobi. Kakarta Gogo na gefe a kan tabarma tana tsince kuɓewa busasshiya.

"Ke, mai takarda, zuba min ruwa a buta. Uku saura kwata, La'asar ta ƙarato."

Mawahib ta dubi wayarta. "Huɗu saura kwata dai, Gogo."

"A agogon gwamnati ba." Gogo ta ɗaga siririn hannunta, tsohon agogon marigayi mijinta na lilo a wuyansa. "Shekara goma sha uku ke nan da suka tura agogo gaba da awa guda wai don mutane su riƙa sammako. Rana ta bi su? Ni dai ban taɓa nawa ba. Uku saura minti goma nake La'asar a kwanakin nan, wanda ya ga dama ya kira ta ƙarfe tara."

Mawahib ta riga ta miƙe da buta a hannu. Ta tsaya. Ta sunkuya ta dubi takardar. Biyu da minti hamsin.

"Gogo, Magariba fa?"

"Biyar da kwata. Yau kuma karatun salla za a sake miki?"

"Isha'i?"

"Shida da rabi. Asuba biyar saura ashirin, lokacin da kike minshari kamar injin niƙa. Ruwana fa?"

Biyar da kwata. Shida da rabi. Huɗu da arba'in. Duk suna nan a takardar, a jere. Butar ta suɓuce ta faɗi. Injiniyan Masar da ya kafa sabar tun farko a agogon Alƙahira ya bar ta, awa guda a bayan na gari, daidai da na hannun Gogo. Mawahib ta san haka kamar yadda ta san sunanta, amma tsoro ya share mata shi kwana huɗu. Ba makara mai ƙwanƙwasawar ke yi ba. Rana yake bi.

Ta faɗa kan tsohuwar ta rungume ta har kuɓewar ta watse.

"Sake ni, 'yar nema! Wannan murna ba ta kwamfuta ba ce, ni ba yarinya ba ce. Yaron Omdurman ɗin nan ne ko? To in zai zo ya zo da wuri, ina da sauran haƙora biyu na cin naman biki."

Abu ɗaya ne a masana'antar ke tafiya da lokutan salla: ɗan masallacin da ke jikin ƙofar shiga, da lasifikarsa. Ladaninsa kuwa shi ne mai gadi, Baba Ɗantsoho, wanda ya shekara talatin a bakin ƙofar nan. Alhamis da sassafe ta same shi yana yayyafa ruwa da gwangwani a gaban ɗakinsa.

"Ina kwana, Baba."

"Lafiya lau, 'yar Gogo. Yau da wuri haka?"

"Baba, akwai kwamfuta a masallacin nan?"

Ya ci gaba da yayyafa ruwa a wurin da ya riga ya jiƙe. "Masallaci ai sai tabarma da Alƙur'ani."

"Yau da rana za a miƙa sunan Ibrahimu ga hukuma. Za su koma su ɗauko shi."

Gwangwanin ya tsaya a hannunsa. Ya dube ta, ya dubi titi, sannan ya ajiye shi ya ce ta biyo shi. Ta tuɓe takalmi a bakin ƙofa. A kusurwa akwai kabad na ajiye Alƙur'anai. Ya durƙusa da ƙyar ya buɗe ƙasan, ya yaye wata tsohuwar darduma. Ga ta nan, ƙaramar kwamfuta tun ta zamanin da, fes babu ƙura, 'yar fitilarta kore na kyaftawa.

"Shekara biyu da suka wuce ƙirji ya kama ni," ya ce. "In na ɗaga murya sai tari. Na san in aka gane, za a ce tsoho ya ƙare, a nemo yaro a ba shi ƙofar da masallacin duka. Ibrahimu ya same ni ina kuka a nan. Ya jira ranar da muryata ta ɗan washe, ya ɗauke ta a na'ura. Ya ce ya ajiye ta a babban injinku don kada ta ɓata, wannan kuma in lokaci ya yi za ta je ta ɗauko da sunansa. Ni dai in shigo in rufe ƙofa in tsaya. Muryata ce, wa zai gane?"

"Da na kulle akawun ɗin ta yi shiru fa?"

"Sai na ɗauki makirfo na ce bismillah. Da tari da komai nake yi, babu wanda ya lura, ko sun lura sun rufa min asiri."

"Amma me ya sa ba ka kashe ta ba, Baba?"

Ya dube ta kamar ta yi saɓo. "Ya ce min, Baba, amana ce, in an ɗauke wuta aka kawo ka danna nan, kada ka bari ta kwana a kashe. Mutum ya sha wuya a hannun waɗancan, ni kuma in kashe masa amana? Kullum sai na danna. Na ɗauka ma alheri nake masa."

Mawahib ta rasa ko dariya za ta yi ko kuka. Ta gaya masa gaskiya, cewa ba yadda za a wanke Ibrahimu sai an buɗe kabad ɗin nan a gaban manaja, asirin shekara biyu kuma ya tonu.

Ya gyara dardumar a hannunsa, ya ninke ta biyu, ya sake ninkewa. "Kira su. Ƙofa ai ta Allah ce, ba a kanta aka haife ni ba."

Sha biyu da rabi mutumin hukuma ya iso, cikin riga mai gajeren hannu da baƙin tabarau. Bai so tasowa daga kan shayinsa ba, amma Mawahib ta ce minti goma kawai take roƙo. Suka tsaya su huɗu a ɗan masallacin. Ta ɗora kwamfutarta ta hannu a kan kabad, rajistar a buɗe.

"Sha biyu da minti talatin da takwas a agogonku," ta ce, "mai laifin zai ƙwanƙwasa sau uku."

Ustaz Haisam na ta share wuya da hankici. Allurar agogon bango ta matsa, ta sake matsawa. Sai ga layi ya faɗo a allon, da kwaɗonsa. Na biyu. Na uku. Ibrahimu Dauda.

"To?" in ji mutumin. "Me wannan ya nuna?"

Ta buɗe akawun ɗin da ta kulle, ta sunkuya ta danna maɓalli ɗaya a tsohuwar kwamfutar. Lasifikar da ke kan rufi ta yi ɗan tsaki, sai murya ta tashi a kan masana'antar, cikakkiya, mai zaƙi, ba tari ko kaɗan. Allahu akbar, Allahu akbar. Ga Baba Ɗantsoho tsaye a gabansu, bakinsa a rufe, hawaye na bin gemunsa.

Leɓɓan Ustaz Haisam suka fara amsa kiran da kansu. Mutumin hukuma ya ɗan jima, sannan shi ma ya motsa nasa, domin ko wane ne kai, a ƙasar nan ba a magana a kan kiran salla. Sai da aka kai ƙarshe ya karɓi takardar daga hannun manaja, ya duba lokutan, ya dubi jadawalin salla da ke manne a bango, ya mayar masa.

"Kun tashe ni daga shayi saboda ladan," ya ce. "Ku cire wannan abin. Sunan kuma ku goge shi gaba ɗaya, kada in sake jin sa."

Ya fita neman wurin alwala. Ustaz Haisam ya sauke numfashi mai tsawo, ya juya kan tsohon.

"Shekara biyu, ya Hajj? Kana tsaye inji na yi maka?"

"Gadi kuka ɗauke ni, Ustaz, kuma ban taɓa barin ƙofa ba. Ladanci tsakanina da Allah ne."

"Za mu yi magana ran Lahadi," in ji manaja, amma bai iya haɗa ido da shi ba.

Ma'aikata suka fara shigowa da hannayen riga a naɗe. Mawahib ta durƙusa ta kai hannu bayan kabad, ta kama wayar wuta. Sai ta ji ta kasa ja. Baba Ɗantsoho ya dafa bango ya sunkuyo, ya ɗora hannunsa a kan nata, suka zare tare. 'Yar fitilar ta mutu.

"Yau rabin yini za ki yi, ko?" ya ce yana share fuska da hularsa. "To ki haye gada. Ki gaya masa ba yar da amanarsa na yi ba, karɓe ta aka yi. Sauran kuma kada ki gaya masa, bai da ƙarfin ji yanzu."

"In ya tambaye ni me ya kawo ni fa, Baba?"

"Ke da kika karanta jami'a, ni zan koya miki wannan?"

Ta sa takalminta a bakin ƙofa, hagu a dama, ta cire ta gyara. Liman ya ta da iƙama a bayanta. Ta fita ta nufi titi, tana ɗaga wa motar Omdurman hannu tun motar na nesa.